Daga hazon Dambatta zuwa farkon sararin samaniya: Yadda ƙura ke ɓoye manyan baƙaƙen ramuka

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama a ƙauyukan Dambatta, Makoda, Bichi da Kunci, akan samu ranakun da mutum zai tsaya a bakin gonarsa ya kasa hango rimin ƙauyen da ke gaba. Rana kan dusashe ta koma kamar farin faranti. Direbobi kan kunna fitila da tsakar rana a hanyar Kano zuwa Daura, wani lokaci ma jirage su fasa sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

Amma a irin wannan rana rediyo na kama tasha garau, kiran waya ma yana shiga. Ƙurar da ta tare ido ba ta iya tare saƙon rediyo.

Da wannan bambanci masana taurari ke aiki a yau domin warware wata matsala da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya. Sun gano cewa a tsakiyar kusan kowane babban birnin taurari, wanda suke kira galaksi, akwai wani ƙaton baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi. Sun kuma gano cewa wasu daga cikin ramukan sun riga sun ƙasaita tun sararin samaniya yana ɗanye, da saurin da lissafi ya kasa bayyanawa.

Abin da ke ƙara fitowa fili a 'yan shekarun nan shi ne, akasarin ramukan wancan zamani a lulluɓe suke da ƙura da iskar gas, don haka ƙidayar da aka daɗe ana yi musu ta tsallake masu yawa.

Mene ne baƙin rami?

Sunan yana iya ruɗar mutum, domin abin ba rami ba ne irin na kududdufi ko rijiya. Wuri ne da aka dunƙule nauyi mai yawa a ɗan ƙaramin fili, har ƙarfin jansa ya kai ko haske ya shiga ba ya iya fitowa. Da za a matse wannan duniya tamu gaba ɗaya har ta koma girman ƙwayar magarya ɗaya, da ta zama baƙin rami.

Akwai ƙanana, waɗanda ke samuwa idan babban tauraro ya mutu ya rufta cikin kansa. Nauyinsu kan kama daga ninki kaɗan zuwa gomman ninkin nauyin rana. Akwai kuma manyan, waɗanda ke zaune a cibiyar biranen taurari. Wanda aka fara ɗaukar hoton inuwarsa, aka nuna wa duniya ranar 10 ga Afrilun 2019, yana cikin birnin taurari na M87, kuma nauyinsa ya kai na rana biliyan 6.5. Ita kanta rana ta ninka duniya nauyi kusan sau 333,000.

Ramin da kansa ba ya haske. Abin da ke haske shi ne abincinsa. Iskar gas da ke gangarawa cikinsa takan yi ta kewaya shi da gudun tsiya, tana gogar juna har ta yi zafin da ya wuce misali. Idan ramin yana ci sosai, hasken wannan gas kan zarce na dukkan taurarin birnin a haɗe. Irin wannan shi ake kira kwezar, kuma masanin nan Maarten Schmidt ne ya fara gane nisan ɗaya daga cikinsu a 1963.

Ga masu tambaya ko wata rana zai haɗiye duniya, masana sun ce babu wannan fargaba. Baƙin rami ba ya zuƙo abin da ke nesa da shi. Taurari na kewaya shi kamar yadda duniya ke kewaya rana.

Na gidanmu ma a ɓoye yake

Mutanen karkarar arewacin Kano na da wata dama da mazauna birni suka rasa, wato duhun dare. Inda babu fitilun titi ana ganin Kaza da 'Ya'yanta ƙwaya-ƙwaya, ana ganin Zara kusa da jinjirin wata.

A damina, daga Yuni zuwa Satumba, idan ruwa ya wanke sama kuma babu farin wata, wanda ya fuskanci kudu bayan sallar isha zai ga wani farin zane kamar hayaƙi ya ratsa sama. Wannan shi ne birnin taurarin da rana da duniya ke ciki, ana hango shi daga ciki. Kusa da jerin taurarin da suka yi siffar kunama zanen ya fi kauri da haske, kuma ta wannan sashe cibiyar birnin take.

Mai lura zai ga wasu baƙaƙen layuka sun tsaga farin zanen. Ba rashin taurari ne ya sa wurin duhu ba, gajimaren ƙura ne ya tare haskensu. A bayan wannan ƙura, a nisan da haske ke shafe kimanin shekara 26,000 kafin ya ratsa, akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyan 4.

Ƙurar na da kaurin da a cikin hasken da ido ke gani, kashi ɗaya cikin tiriliyan ne kawai ke isowa daga cibiyar. Duk girman madubin hangen nesa, idan irin hasken ido yake karɓa, ba zai ga komai a can ba.

Sai masana suka sauya irin hasken da suke kallo da shi. Akwai wani haske da ido ba ya gani, amma fata na jin sa a matsayin ɗumi, kamar wanda ke tashi daga kaskon wuta. Ana kiran sa infared. Shi ne rimot ke aika wa talabijin. Wanda ya saita rimot a kyamarar wayarsa ya danna maɓalli, a wayoyi da yawa zai ga ɗan haske na ƙyaftawa, alhali da ido ba ya ganin komai. Irin wannan haske na ratsa ƙurar sama, kusan kashi ɗaya cikin goma na isowa.

Da shi ne Reinhard Genzel na Jamus da Andrea Ghez ta Amurka, kowa da tawagarsa, suka shafe shekaru tun daga farkon 1990 suna bin sawun taurarin cibiyar. Sun ga wani tauraro yana zagaye wani abu marar haske duk bayan shekara 16. Daga gudunsa suka auna nauyin abin da yake zagayewa. Aikin ya sa suka samu kyautar Nobel a 2020.

Ƙurar hunturu da ƙurar sama

Akasarin ƙurar da ke sauka a Kano daga ƙasar Chadi take tasowa, musamman daga kwarin Bodele, wanda busasshen gindin tsohon babban tafki ne. Iska kan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi garin ƙasar ta yo kudu maso yamma. Masana na ɗaukar kwarin a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya.

Ƙurar sararin samaniya ta fi wannan laushi nesa ba kusa ba. Ƙwayoyinta sun fi kama da na hayaƙi. Shi ya sa take mayar da hasken taurari ja, kamar yadda hayaƙin ƙona kara ke rina rana, yayin da hazon hunturu ya fi mayar da ita fara. Ƙwayoyin na ɗauke da sinadaran kabon da silikon da ƙarfe, waɗanda ake ƙerawa a cikin taurari, su watsu idan taurarin sun tsufa ko sun fashe. Irin waɗannan sinadarai ne ke cikin ƙasar noma.

Akwai wani wurin da biyun suka yi kama. Yankin da ke kewaye da birnin Kano na daga cikin wuraren da aka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960. Daga baya Frances Harris ta auna abin da ke shiga da fita daga gonakin Tumbau a ƙasar Gezawa, ta kuma lissafa ƙurar hunturu cikin abubuwan da ke ƙara wa ƙasa sinadari, bayan takin dabbobi da amfanin da wake da gyaɗa ke yi mata.

Wato abin da ke rufe ido shi ne kuma ke ciyar da gona. A sama ma haka abin yake. Gas da ƙurar da ke lulluɓe baƙin rami su ne abincinsa. Don haka lokacin da ramin ya fi girma da sauri yakan zo daidai da lokacin da ya fi wuyar gani.

Ragon da ya fi ƙarfin watanninsa

Haske na ɗaukar lokaci kafin ya iso. Na rana minti takwas da 'yan daƙiƙu yake yi a hanya. Wanda ya kalli abu mai nisa sosai, yana ganin sa ne yadda yake a lokacin da hasken ya baro shi. Ta haka masana ke leƙa zamanin da ya shuɗe. Bisa lissafinsu, sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8 da fara buɗewa.

A watan Janairun 2021 tawagar Feige Wang ta Jami'ar Arizona a Amurka ta sanar da gano wani kwezar da haskensa ya taso shekara miliyan 670 kacal bayan wannan farawa. Nauyin raminsa ya kai na rana biliyan 1.6. Idan aka kwatanta shekarun sararin samaniya da na dattijo ɗan shekara 70, a lokacin bai cika shekara huɗu ba.

Duk mai turka rago ya san cewa komai yawan dusa da harawa, akwai iyakar abin da dabba za ta iya ci a wuni. Baƙin rami ma yana da irin wannan iyaka. Idan gas ya yi yawa, hasken da yake fitarwa kan yi ƙarfin da zai ture sauran gas ɗin baya. Ana kiran wannan iyakar Eddington, da sunan masanin Ingila Arthur Eddington.

Ramin da ke ci daidai wannan iyaka yana ninka nauyinsa ne duk bayan shekara miliyan 30 da wani abu. Wanda ya fara da nauyin rana 100 na buƙatar ninkawa kusan sau 23 kafin ya kai biliyan ɗaya, wato sama da shekara miliyan 700 yana ci ba dare ba rana. Lokacin bai isa ba. Tawagar Wang ta lissafa cewa sai dai idan ramin ya fara ne da nauyin rana 10,000 ko fiye.

Wanda ya ga ɗan rago mai wata biyu da girman bijimi, ɗayan biyu zai zata: ko dai an haife shi da girma, ko kuma ya yi cin da ya wuce ƙa'ida a wani garke da ba a gani. Waɗannan su ne manyan ra'ayoyi biyu da masana ke tafka muhawara a kai. Na farko ya ce wasu manyan gajimaren gas sun rufta kai tsaye suka zama rami ba tare da sun zama taurari ba. Na biyu ya ce ramukan sun riƙa tsallake iyakar Eddington na ɗan lokaci. Kafin a raba gardamar, dole a ga ramukan suna tsakiyar girma, a lokacin da ƙura ta fi rufe su.

Ƙidayar da ta tsallake gidaje

Alamar cewa akwai ramukan da ba a ƙirga ba ta daɗe da bayyana. A 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba wata roka mai na'urar karɓar hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Suka tarar da wannan haske yana zuwa daga ko'ina a sama. Daga baya aka gane cewa ramukan da ake gani a fili ba su isa su samar da shi duka ba, musamman ɓangarensa mafi ƙarfi. Dole akwai wasu a ɓoye.

A 1985 Robert Antonucci da Joseph Miller suka nazarci wani birnin taurari mai suna NGC 1068. Cibiyarsa a rufe take, amma sun kama haskenta da ya daki gajimaren da ke gefe ya karkato, kamar yadda ake gane an kunna fitila a ɗaki daga hasken da ya faɗa a bangon tsakar gida. Daga nan aka fahimci cewa ramuka da yawa na da kewayen ƙura mai siffar gammo. Wanda ya leƙa ta saman gammon zai ga hasken, wanda ya kalla ta gefe ba zai gani ba.

A watan Janairun 2025 hukumar NASA ta bayyana sakamakon wani bincike da Peter Boorman ya jagoranta. An haɗa bayanan wani tsohon tauraron ɗan'adam na infared da aka harba a 1983 da na NuSTAR, mai karɓar eksire mai ƙarfi, wanda aka harba a 2012. An gano cewa kusan kashi 35 cikin 100 na manyan ramukan da ke ci a biranen da ke kusa da mu a lulluɓe suke ƙwarai. Binciken baya ba su kai kashi 15 ba.

A zamanin farko lamarin ya fi haka tsanani. Biranen taurarin wancan lokaci a matse suke, kuma cike suke da gas da bai riga ya zama taurari ba. Ba gammon da ke kusa da ramin kaɗai ke tare haske ba, birnin gaba ɗaya hazo ne. A 2022 Roberto Gilli na cibiyar nazarin taurari ta Italiya da abokan aikinsa suka yi ƙiyasin cewa a shekara biliyan ɗaya ta farko, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na manyan ramuka na iya kasancewa a ɓoye ta wannan hanya. Idan ƙiyasin ya tabbata, kwezar masu ƙyalli da aka daɗe ana ƙirgawa 'yan tsiraru ne.

Waɗanda aka tono daga cikin hazo

Na'urori uku ne suka fi taimakawa. Akwai ALMA, tarin faya-fayan rediyo 66 a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, a tudu mai tsawon mita 5,000, wadda ke kama ɗumin ƙurar kanta. Akwai Chandra, mai karɓar eksire, da ke sama tun 1999. Sai madubin James Webb mai faɗin mita 6.5, da aka harba ranar 25 ga Disamban 2021, yana aiki da infared daga nisan kilomita miliyan 1.5.

A watan Afrilun 2022 Seiji Fujimoto da tawagarsa suka sanar da wani jan ɗigo da suka tsinta a tsofaffin hotunan madubin Hubble, a wani sashe na sama da aka daɗe ana bincike. Sun sa masa suna GNz7q. Yana zamanin shekara miliyan 750 bayan farawa, birninsa na haifar taurari masu nauyin rana 1,600 a kowace shekara, ramin kuma yana fara yaye mayafin ƙurarsa.

A watan Fabrairun 2023 aka bayyana wani na wannan zamani mai suna COS-87259, wanda Ryan Endsley ya jagoranci gano shi. ALMA ce ta tabbatar da nisansa. An ƙiyasta nauyin raminsa ya haura na rana biliyan ɗaya, birnin kuma na haifar taurari da saurin da ya ninka na birninmu kusan sau 1,000. Abin da ya ɗaga hankalin masana shi ne an same shi a ɗan ƙaramin fili na sama. Wanda ya haƙa rami ɗaya a gona ya ci karo da tukunya, zai yi zaton gonar na da tukwane da yawa.

A Nuwamban 2023 aka haɗa Chandra da James Webb aka gano rami a wani birni mai suna UHZ1, shekara miliyan 470 bayan farawa, shi ma a cikin gas mai kauri. Nauyinsa na tsakanin rana miliyan 10 zuwa miliyan 100, kusan daidai da nauyin dukkan taurarin birnin. A biranen yau ramin kan kasance wajen kashi ɗaya cikin dubu. Masu ra'ayin cewa an haifi ramukan da girma, irin su Priyamvada Natarajan ta Jami'ar Yale, sun ɗauki wannan a matsayin hujja.

Bayan shekara ɗaya ɗaya ɓangaren ma ya samu tasa. Tawagar Hyewon Suh ta sanar da wani rami mai suna LID-568, na shekara biliyan 1.5 bayan farawa, wanda suka auna yana cin abin da ya ninka iyakar Eddington sau 40.

Sai kuma ɗaruruwan ƙananan jajayen ɗigo da suka cika hotunan James Webb, waɗanda babu wanda ya yi tsammaninsu. Sun fi yawa tsakanin shekara miliyan 600 zuwa biliyan 1.5 bayan farawa, daga nan suka yi ƙaranci. A da yawa daga cikinsu an ga gas yana gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa ɗaya, alamar akwai rami a tsakiya. Da farko an ɗora jan launinsu a kan ƙura. Yanzu wasu masana na ganin kwasfar gas mai kauri ce ta naɗe ramin ta ko'ina. Ana ci gaba da muhawara a kai.

Abin da ya rataya a kan ƙidayar

Adadin ramukan ɓoye ne zai nuna wanne ra'ayi ya fi kusa da gaskiya. Idan suna da yawa ƙwarai tun da wuri, to hanyar samuwarsu ba za ta zama abin da ke faruwa jefi-jefi ba.

Batun ya kuma shafi tarihin biranen taurari su kansu. Idan rami ya ƙoshi, haskensa da guguwar da yake tayarwa kan kore gas daga birnin. Hazo ya washe, kwezar ya bayyana, amma haihuwar sababbin taurari ta ragu domin kayan haɗa su sun watse. Ta haka ramin da bai kai komai ba idan aka gwada shi da faɗin birnin ke da hannu wajen yanke iyakar girman birnin. Birninmu, inda rana da duniya suka samu, yana cikin waɗanda ake son sanin yadda wannan ya shafe su.

Ina Afirka a wannan aiki?

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage saƙon rediyo na kai labarin da ido ba ya kaiwa, kuma a nan Afirka ke da ƙarfi. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT mai faya-fayai 64 a 2018, kuma cikin wuraren da take bincike har da sashen saman da aka samu COS-87259. A Disamban 2022 aka fara gina SKA a Afirka ta Kudu da Ostireliya, wadda za ta zama babbar na'urar rediyo ta duniya. Ghana ta mayar da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kutunse ya zama na nazarin taurari a 2017. A Agustan 2024 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi babban taronta a Cape Town, karo na farko a nahiyar.

Najeriya ma na da tarihi a fagen. Marigayi Farfesa Samuel Okoye, yana ɗalibi a Jami'ar Cambridge a shekarun 1960, ya yi aiki da Antony Hewish suka gano wani baƙon tushen rediyo a ragowar wani tauraro da ya fashe, wanda daga baya aka tabbatar gawar tauraron ce ke juyawa. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da aka kafa a 1999, na da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. Tun kafin nan, malamin Katsina Muhammad al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ilimin lissafi da na taurari.

Abin da ya sauya a yau shi ne ba sai ƙasa ta mallaki madubi kafin 'ya'yanta su taɓa bayanan ba. Abin da James Webb ya ɗauko ana sakin sa kyauta a intanet, wasu nan take, wasu bayan shekara guda. Ɗalibin kimiyyar lissafi ko fiziks a Jami'ar Bayero, ko a Wudil, ko a kwalejin ilimi ta Bichi, zai iya sauke bayanan da masanan Amurka da Turai ke aiki da su. Abin da zai buƙata shi ne kwamfuta, wuta, data, da malamin da zai nuna masa hanya, kuma waɗannan ne suka fi ƙaranci a makarantun karkara.

Ga wanda ba ɗalibi ba, akwai shafin Galaxy Zoo da aka buɗe a 2007, inda kowa zai iya taimaka wa masana tantance siffar biranen taurari daga wayarsa. A shekarar da aka buɗe shi wata malamar makaranta a ƙasar Holan, Hanny van Arkel, ta ga wani baƙon gajimare kusa da wani birni ta tambayi ko mene ne. Bincike ya nuna gas ne da hasken wani kwezar ya haska, alhali shi kwezar ɗin ba a ganin ƙyallinsa daga duniya. Har yau da sunanta ake kiran gajimaren, kuma shafin yanzu yana ɗauke da hotunan James Webb da ke jiran masu dubawa.